Na juya tatsuniyar Hansel da Gretel ta koma labari mai duhu, ku zo ku yi min gyara

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Toh ga aikin da aka ba mu na wannan watan, wato a ɗauki tsohuwar tatsuniya a juya ta ta zama gajeren labari mai duhu. Ni Hansel da Gretel na ɗauka, ta yaran nan biyu da ubansu da matarsa suka kai daji suka zubar saboda yunwa har suka faɗa hannun mayya mai gidan burodi, ta kulle Hansel tana taɓa yatsansa ta ji ko ya yi ƙiba ta cinye shi, daga ƙarshe Gretel ta tura ta cikin tanderu suka kwaso lu'ulu'unta suka gudu. Ban taɓa tsakiyar ba, daga inda tatsuniyar ta ce sun dawo gida sun zauna lafiya nan na fara. Gretel ce take magana. Dan Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara jifa.

IGIYA

Ranar da muka dawo, Baba yana zaune a bakin ƙofa yana wasa gatari. Da ya gan mu sai gatarin ya suɓuce masa, ya taso ya rungume mu yana kuka har hawayensa ya jiƙa min wuya. Ya ce matar nan ta mutu. Ya ce tun ranar da ya bar mu bai ƙara barcin kirki ba. Ya ce ita ce, duk ita ce, ita ta hana shi sakat dare da rana har ya yarda. Hansel ya zazzage aljihunsa, lu'ulu'u suka tarwatse a ƙasa suna gangarawa ƙarƙashin gado. Baba ya durƙusa yana tsince su da hannu biyu. Kukan bai tsaya ba, tsintar ma ba ta tsaya ba.

Yanzu muna da abinci. Akwai gari a buhu, akwai nama a rataye, an gyara rufin da yake yoyo. Ni nake hura tanderu don na iya. Na san yadda ake gane ya yi zafi ba tare da an leƙa ciki ba, na san nauyin ƙofarsa, na san ƙarar da sakata take yi in ta shiga. Baba yana yabon burodina. Bai taɓa tambayata inda na koya ba.

Hansel ba ya son a yi maganar. Har yanzu in aka miƙo masa abinci sai ya ɓoye yatsunsa a ƙarƙashin tebur.

Akwai abin da bai sani ba. Karon farko da aka kai mu, an hura mana wuta an ce mu huta, muna jin sarar gatari kusa da mu, ƙwas, ƙwas, ƙwas, shi ya sa muka saki jiki har barci ya kwashe mu. Da na farka cikin dare Hansel yana jiran wata ya fito don ya ga tsakuwoyin da ya zuba a hanya. Ni kuma har lokacin ina jin ƙwas, ƙwas. Na bi ƙarar ina kiran Baba. Reshe ne. An ɗaure shi da igiya a jikin busasshiyar bishiya, iska tana kaɗa shi yana bugun ta. Na shafa ƙullin a cikin duhu. Zagaye biyu, a cusa bakin igiyar ta ƙasa, a ja. Matar nan ba ta iya wannan ƙulli ba, ko damin itace ta ɗaure kafin a isa gida ya warware. Mutum ɗaya na sani mai ƙulla shi, shi ya koya min, ina zaune a cinyarsa, da igiyar takalmina.

Sai da ya zaɓi reshen. Sai da ya gwada ya ji ƙarar ta yi daidai.

Na kwance igiyar na ɗaura a ƙuguna ƙarƙashin riga. Da ita na koma gida, da ita aka sake kai mu, da ita na share gidan tsohuwar mako huɗu.

A bayan ɗakin Baba akwai bishiyar da ta bushe tun shekarar yunwa. Jiya da yamma na je na ɗaura mata reshe. Zagaye biyu, na cusa ta ƙasa, na ja.

Da dare iska ta taso. Ina kwance ina jin gadonsa yana ƙara, ya juya dama, ya juya hagu, ya tashi ya zauna. Da safe na ajiye masa burodi mai zafi na ce, Baba ka yi barci kuwa? Ya ce ya yi. Na ce madalla, ai iskar bana za ta daɗe.

Zee:
innalillahi Anti wannan ƙullin 😭 wlh saida tsigar jikina ta tashi. wai dama akwai maganar reshe a asalin tatsuniyar ko ke kika ƙirƙira? ni a katun ɗin da na gani ba'a nuna ba

Abba Dodo:
Anti Ummu sannu da ƙoƙari, rubutu yayi daɗi amma gsky ni banga duhu ba. Ina ta jira in ga Gretel ta tura tsohon cikin tanderu, ke da kanki kika share hanyar, kikace ta san nauyin ƙofa ta san ƙarar sakata, kika ɗora mana rai sannan kika ƙare da iskar bana zata daɗe?? Haba. Kamar a ɗora tukunya ta tafasa a sauke ba a zuba komai ba. Yarinyar da ta gasa mutum da ransa, duk hukuncin da zata iya shine hana barci?

Malam Auwal:
Wa alaikumus salam. Zee, reshen yana nan, ba ƙirƙirar Ummu Hanan ba ne. A bugun ƙarshe na littafin 'yan uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, wanda ya fito a 1857, an faɗa a fili cewa ƙarar da yaran suke ji ba ta gatari ba ce, reshe ne da uban ya ɗaure a busasshiyar bishiya. Jimla ɗaya ce tak, aka wuce, ba a sake komawa kanta ba, shi ya sa masu katun suke tsallake ta. Abin da Ummu ta ƙara shi ne yarinyar ta je ta gani. A tatsuniyar mai ba da labari ne kawai ya sani, yaran ba su sani ba har aka tashi.

Kai kuma Abba, ba jini ne ya yi ƙaranci a waɗannan tatsuniyoyi ba. A Sindirela ta Grimm, ɗaya daga cikin 'ya'yan matar uban ta yanke babban yatsan ƙafarta, ɗayar ta saftare dunduniya don takalmi ya shiga, tattabaru suka tona asiri saboda jini yana tsiyaya, ranar biki kuma tattabarun suka ƙwaƙule musu idanu. Sarauniyar nan mai madubi ta labarin Snow White, takalmin ƙarfe aka gasa a wuta aka sa mata, ta yi ta rawa har ta faɗi matacciya, a tsakiyar taron biki. Yarinya mai jar hula a rubutun Bafaranshen nan Charles Perrault na 1697 kerkeci ya cinye ta, shi ke nan, babu wani maharbi da ya zo ya farke cikinsa. In gasar zubar da jini za ka yi da waɗannan ka makara da ɗaruruwan shekaru. Marubucin yau in yana so ya girgiza mutum sai ya nemo wurin da tatsuniyar ta kau da kai ta wuce da sauri, ya ja birki a nan.

Abba Dodo:
Malam naji amma duk misalan da ka kawo ai anyi hukunci. Sarauniya ta mutu, mayya ta ƙone, masu yankan ƙafa sun makance. Nan kuwa uban ya ci bulus, ga lu'ulu'u ga burodi mai zafi kullum safiya, ni ma a bani wannan hukuncin

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai Allah ya saka miki da alheri Ummu Hanan, yau an samu labari ɗaya da bai ɗora wa matar uba komai da komai ba. Ni matar uba ce, na tarar da yara a gidan na riƙe, kuma wlh tun kafin ka buɗe baki an riga an yanke maka hukunci saboda irin waɗannan labaran da ake cusa wa yara tun suna ƙanana. Kullum matar uba muguwa, uban kuma bawan Allah ne an fi ƙarfinsa, yana kuka yana cewa ba a son ransa ba. To shi ba shi da baki ne? Ƙafar wa ta taka zuwa dajin nan, har sau biyu fa, ba sau ɗaya ba, ai ko matar ce ta kawo shawara 'ya'yan nasa ne ba nata ba. Inda ya durƙusa yana tsintar lu'ulu'u yana kuka ɗin nan ya fi komai yi min, na san irin mazan nan sarai.

Malam Auwal:
Hajiya, bari in ƙara miki abin da zai ba ki mamaki. A bugun farko na 1812 babu matar uba a labarin nan. Uwarsu ce ta cikinsu ta ce a kai su daji. Sai a bugu na huɗu, 1840, aka mayar da ita matar uba. Haka sarauniya mai madubi, a 1812 uwar yarinyar ce da ta haife ta take kishin kyanta har ta aika a kashe ta, a bugun 1819 aka canza. Dalili kuwa, da farko littafin ba na yara ba ne, aikin masana ne masu tattara adabin baka, har da bayanai na ilimi a ƙarshe. Da aka fara ƙorafin cewa bai dace a karanta wa yara ba sai Wilhelm ya ɗauki alƙalami ya yi ta gyara bugu bayan bugu har bakwai. Abin lura shi ne me ya cire, me ya bari. Ya cire uwa mai zubar da ɗanta, ya cire maganar cikin da Rapunzel, yarinyar nan mai dogon gashi ta hasumiya, ta ɗauka, inda a bugun farko take tambayar me ya sa kayanta suka matse ta. Amma yankan ƙafa da gasa mutum ya bar su, ƙwaƙule idanun nan ma daga baya aka ƙara shi. Wato a wurinsu yaro zai iya ɗaukar jini, abin da ba zai iya ɗauka ba shi ne a ce masa wanda ya haife shi zai iya barin sa.

Kuma akwai 'yar uwar wannan tatsuniya a littafin Perrault, ta mai saran itace da 'ya'yansa maza bakwai, har da tsakuwa da ɓarɓashin burodin da tsuntsaye suka cinye. A can uban ne da bakinsa ya kawo shawarar a zubar da su, uwar ta yi ta ƙi kafin ta yarda.

Maman 'Yan Biyu:
Tabɗijam. Wato an ɗebo laifin uwa da na uba an haɗa an jibga mana. Allah ya isa 😂

Yaya Kabir:
Ni zan tsaya wa uban nan tunda kowa ya ɗauko sanda. Ummu Hanan rubutunki ya yi kyau amma kin yi shari'a ba ki saurari wanda ake ƙara ba. Mu da muke karatu da cikakken ciki yana da sauƙi mu ce ni ba zan taɓa ba. A Turai an yi yunwar da ta kama daga 1315 zuwa 1317, ruwan sama ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa amfanin gona ya ruɓe a gona, marubutan zamanin sun ambaci iyayen da suka bar 'ya'yansu har da cin naman mutum. A Faransa kuma yunwar 1693 zuwa 1694 ta kashe fiye da mutum miliyan ɗaya, shekara uku kacal kafin Perrault ya fitar da littafin da Malam ya ambata. Ba na cewa daga can aka samo tatsuniyar, amma mutanen da suke faɗar ta sun san abin da ake nufi da a ce burodi ya ƙare. Lissafin da ke gaban mutumin nan shi ne mutum huɗu su mutu a ɗaki ɗaya yana kallon yaransa suna ƙanjamewa, ko ya kai su inda ba zai gani ba yana fatan wani ya tsince su. Kuma reshen nan da kuke ta tsinewa ni ina iya karanta shi a matsayin tausayi, ba ya so su ji lokacin da ya tafi, yana so su yi barci suna zaton yana kusa.

Zee:
Yaya Kabir tausayi?? 😳 in ka tausaya musu ai zama zakayi dasu. reshen don kada su biyo shi ne kawai

Yaya Kabir:
Ƙanwata duka biyun suna iya zama gaskiya a lokaci guda, kuma abin da nake so labarin ya nuna ke nan. Yanzu uban hoto ne kawai, mai kuka mai kwaɗayi. Da an ba shi ko da layi biyu da zai sa mai karatu ya ji tsoron cewa shi ma zai iya, da duhun ya ninku.

Maman 'Yan Biyu:
Yaya Kabir in lissafi ne me ya hana shi ya tafi dajin shi ya bar musu burodin? Lissafin nan kullum a kan yara yake ƙarewa

Ummu Hanan:
Yaya Kabir na ji daɗin maganarka wlh, ita nake so a yi. Amma ka tuna wa yake magana. Yarinya ce da ta shafa ƙullin babanta cikin duhu, ba alƙaliya ba ce, ba ta san tarihin yunwa ba, kuma ba aikinta ba ne ta yi masa adalci. In na sa ta fara cewa wataƙila tausayi ne ya sa, to ni ce nake magana da bakinta. Kuma ka ga kai da kanka ka karanta tausayi a cikin reshen ba tare da na rubuta ba, ke nan ƙofar a buɗe take. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ranar da suka dawo, yunwa ta wuce, matar ta mutu ba mai ƙaryata shi, ya samu damar faɗin gaskiya sai ya ce ita ce, duk ita ce. Wannan ba yunwa ce ta sa shi ba.

Abba kai kuma, in ta tura shi tanderu labarin ya ƙare a minti ɗaya, kowa ya yi ajiyar zuciya ya ce an rama, a rufe waya a kwanta. Ni ba na son ku kwanta. Maganar nauyin ƙofa da sakata da gangan na sa, so nake duk safiya in ta buɗe tanderun nan shi da mai karatu su tuna cewa ta iya.

Sadiya Gimbiya:
Ku yi haƙuri ni fa abin da ya dame ni daban ne. 'Ya tana azabtar da mahaifinta da dare kuma an rubuta shi yadda mai karatu zai ji daɗi ya ce ta yi daidai, duk abin da uba ya yi uba ne. Wane darasi yaro zai ɗauka a nan? Tatsuniya ai don tarbiyya ake yin ta.

Ummu Hanan:
Sadiya ba don yara na rubuta ba 'yar uwa, kuma ni ban ce ta yi daidai ba. Ki sake duba ta. Yarinya ce da take ajiye wa mutum abinci da murmushi tana tambayar lafiyarsa alhali tana shirya masa abin da ta shirya, wa kika sani a labarin nan mai irin wannan hali? Tsohuwar ma haka ta tarbe su, da madara da shimfiɗa mai laushi. Mako huɗu ta yi a gidan, ba hura wuta kaɗai ta koyo ba.

Sadiya Gimbiya:
hmm toh wannan kam ban lura ba. amma har yanzu raina bai so ba gsky

Nura Edita:
Bari in shigo da jan biro tunda gyara aka nema. Farko, layin nan na "Sai da ya zaɓi reshen. Sai da ya gwada ya ji ƙarar ta yi daidai", ni a ganina bayani ne, ƙullin ya riga ya gama aikin, kin zo kina nuna mana da yatsa. Sannan akwai ramin da mai karatu mai wayo zai faɗa: tun karon farko ta gano uban ne, ta koma gida da igiya a ƙugu, aka sake cewa a tafi daji ta bi ba ta ce uffan ba, ko Hansel ba ta faɗa wa ba? Me ya sa? Dole ki ba mu wani abu a nan ko da jimla ɗaya ce. Hansel kuma kin yi masa rowa, ɓoye yatsun nan shi ne abu mafi kyau a labarin bayan ƙulli, sai kika jefar da shi a layi ɗaya kika wuce, shi ma yana jin ƙwas ƙwas ɗin nan da dare ai, ɗaki ɗaya ne ko biyu a gidan mai saran itace? Shi me ƙarar take yi masa? Ta hukunta uba ta haɗa da ɗan uwanta, ta sani ko ba ta sani ba?

Malam Auwal:
Nura, maganar Hansel ka yi gaskiya, amma layin zaɓen reshe kada a taɓa shi. Ƙullin yana faɗa mana wa ya yi. Wannan layin yana faɗa mana tsawon lokacin da ya ɗauka yana yi, ya tsaya, ya nemo, ya saurara, ya gyara. Mutumin da aka tilasta ba ya gwajin sauti.

Nura Edita:
To a bar rabi Malam, a cire zaɓe a bar gwaji. Biyu sun yi yawa

Ummu Hanan:
Duka biyun suna nan Nura, hakuri 😄 ina son a ji numfashi tsakaninsu. Maganar me ya sa ta bi karo na biyu, yarinya ƙarama ina za ta? An kulle ƙofa da dare, haka tatsuniyar ta ce, shi ya sa ma Hansel bai samu tsakuwa ba sai burodi. Kuma a hanyar dawowarsu ta farko Hansel yana gaba yana bin tsakuwa yana murna yana cewa Baba zai ji daɗi, ta yaya za ta buɗe baki. Wannan zan sa shi, jimla biyu. Na Hansel da ƙarar dare kuma ka buɗe min ido, ina jin abin da zai faru shi ne shi ƙarar barci take sa shi, ita ce karo na farko da ya yi barci mai nauyi tun dawowarsu, don shi har yanzu a wurinsa ƙwas ƙwas yana nufin Baba yana kusa.

Zee:
wayyo Allah Anti kin kashe ni 😭😭 amma wai me zai hana kice mayyar da matar uban mutum ɗaya ce? tunda ta ƙone can sun dawo sun tarar wannan ta mutu

Malam Auwal:
Masu nazari sun daɗe da lura da wannan, Zee, mutuwar biyu ta zo lokaci guda kuma tatsuniyar ba ta faɗi abin da ya kashe matar ba. Amma an yi ta amfani da dabarar har ta tsufa.

Ummu Hanan:
Kuma in na yi haka na wanke uban tas, sai a ce ai mayya ya aura ta shanye shi. Maman 'Yan Biyu za ta fitar da ni daga gurup ɗin nan.

Maman 'Yan Biyu:
da hannuna kuwa

Yaya Kabir:
Tambaya ɗaya ta rage min. Uban ya san ita ce ta ɗaura?

Ummu Hanan:
Ya sani. Taku nawa ne daga gadonsa zuwa bishiyar, ga gatari a jingine, sara ɗaya zai yi ya huta. In ya je zai ga ƙullinsa, in ya kwance kuma ya amsa ke nan. Shi ya sa ya ce ya yi barci.

Yaya Kabir:
To ai ga layin da nake nema tun ɗazu. Ki sa ta leƙa ta taga da safe ta ga sawun ƙafarsa ya je har gindin bishiyar ya dawo, reshen yana nan. Ba sai ta yi masa adalci ba, sawun zai yi.

Nura Edita:
Sawun ya yi amma ya zo kafin burodi, kada ya zama layin ƙarshe, zai yi zaƙi da yawa. Kuma ki lura tsawon kada ya wuce iyakar da aka sa, da Hansel da sawu da tsakuwa kin ƙara kusan kalma ɗari, sai kin rage wani wuri, ni sakin layin gari da nama da rufi zan taɓa.

Admin Rabi:
Ummu Hanan ki gyara ki sake turowa kafin Juma'a. Sauran da ba su kawo nasu ba muna jira, Abba har da kai, tun ɗazu kake sukar na mutane ba mu ga naka ba.

Abba Dodo:
Nawa yana hanya Anti Rabi. Sindirela na ɗauka, ta bakin wadda ta yanke yatsa, shekara goma bayan biki, makauniya tana ɗingishi tana zaune ɗaki ɗaya da uwar da ta miƙa mata wuƙar tace in kin zama sarauniya ba sai kin yi tafiya da ƙafa ba. Kuma tun yanzu ina faɗa muku a nawa wani zai mutu, Malam kada kazo min da 1812